Kayen Da Ya Haifi Gwani: Labarin Harry Clasper

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe ba baƙin jirgin ruwa ba ne. Gulbin Zamfara yana gangarowa daga wajen Gummi, ya ratsa ƙasarmu ya nufi Jega, in damina ta yi tsaka kuwa ba mai ƙetare shi sai da masu fito. Da yawa cikinmu sun je Argungu sun ga tseren kwalekwale a bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. A wannan wata za mu ba ku labarin wani talaka na ƙasar Ingila wanda ya haɗa gwanintar tuƙi da ta ƙira, har ya sāke siffar jirgin tsere.

Yaron Ramin Kwal

An haifi Harry Clasper a 1812 a Dunston, bakin Kogin Tayin, kusa da birnin Niyukasil a arewacin Ingila. Iyayensa ba masu hali ba ne. Yana da shekara 15 ya shiga aikin haƙar kwal a Jarrow, amma bai daɗe a ramin ba. Ya koma koyon sassaƙar jirage, daga baya kuma ya zama mai tuƙa jirgin dako a kogi. Bai iya karatu da rubutu ba. Sa'ad da ya auri Susannah Hawks a 1836, 'yar alama ya zana a takardar aure maimakon sunansa.

A zamanin nan masu dako na Kogin Tayin sukan yi tsere in an tashi aiki. Clasper ya haɗa ƙungiya da 'yan'uwansa, suka yi ta cin tsere har ba mai iya karawa da su a kogin. Sai suka aika wa gwanayen Landan, matuƙan Kogin Tems, su zo a gwada. Aka yi tseren a watan Yuli 1842, a gaban dubban mutanen garinsu. Mutanen Landan, da shugabansu Robert Coombes, suka wuce su fintinkau.

Abin Da Kaye Ya Koya Masa

Wani da ya ce sa'a ce ba ta zo ba, wani kuma ya ce an yi masa asiri. Shi Clasper jiragen biyu ya tsaya ya duba. Sai ya ga nasu ya fi na baƙin nauyi ƙwarai. Ashe ba ƙarfin damtse suka rasa ba, katako suke ta ja a banza. Daga nan ya ƙudura zai sassaƙa jirgi marar nauyi, siriri kuma, domin siririn jirgi ya fi keta ruwa da sauƙi.

Amma a nan akwai wata matsala, sai mun bayyana ta. Matuƙinmu yana fuskantar gaba, yana riƙe da filafili a hannu biyu ba tare da ya jingina shi da kome ba. Baturen tsere kuwa baya yake bai wa inda za shi, yana jan wani dogon matuƙi wanda aka ɗora a gefen jirgi. Aikin matuƙin nan kamar na sandan da muke ɗaga dutse da shi ne: sai akwai tazara tsakanin hannu da inda sandan ya jingina kafin ƙarfi ya yi amfani. In jirgi ya cika siranta, gefensa yana dab da mai tuƙi, tazarar ta ɓace ke nan.

Maganin shi ne a kafa wani hannu na ƙarfe wanda ya miƙe waje daga gefen jirgi, a ɗora matuƙin a kansa. Ta haka jirgi ya zauna siriri, matuƙi kuma ya sami tazararsa. Ba Clasper ya fara tunanin nan ba. Waɗansu masassaƙa na kogin sun gwada shi da itace a 1828, da ƙarfe kuma a 1830. Abin da ya yi shi ne ya gyara dabarar, ya haɗa ta da jiki marar nauyi mai santsi, har ta zama abin dogara.

A 1844 ya kai sabon jirginsa Landan, ya ci kyautar fam 50, babbar kyautar kuwa ta kuɓuce masa da kaɗan. Bai karaya ba. A 1845 ya komo da wani jirgi, shi da 'yan'uwansa da wani dattijon danginsu mai suna Ned Hawks, suka ci babban tseren matuƙa huɗu a Kogin Tems. Niyukasil ta tarye su da murna kamar sarakuna. Shekara guda bayan haka, a 1846, ɗaliban jami'o'in Oksfod da Kambirij suka yi tserensu na farko cikin jirage masu hannun ƙarfe. Ga ikon Allah, masu digiri suna bin sawun wanda bai iya rubuta sunansa ba! Har yau jiragen da ake tsere da su a wasannin Olimfik suna ɗauke da wannan hannu.

Clasper ya ci gaba da cin tsere har 1859, yana da shekara 47. Bai ɓoye saninsa ba. Ya horar da Robert Chambers, ma'aikacin masana'antar ƙarfe, wanda ya zama zakaran Ingila a wannan shekara. Ɗansa John kuma ya gaji sassaƙar jirage. Da ya rasu a watan Yuli 1870, a jirgi aka ɗauki gawarsa aka bi kogin da ita, aka binne shi a harabar majami'ar Whickham. An ƙiyasta mutum fiye da 100,000 suka fito bakin kogi da tituna.

Abin Ɗauka Da Abin Bari

Ba dukan abin da ke cikin rayuwarsa za mu yaba ba. Tseren wancan zamani cike yake da caca, shi kansa kuma da riƙon gidajen sayar da giya ya yi sana'a. Waɗannan biyu sun rushe gidaje da yawa a Ingila, suna kuma rushe su a nan. Mu gaya wa 'ya'yanmu wannan a fili. Amma akwai abu uku da ya kamata kowane gida na masu bi ya yi tunani a kai.

Na fari, aikin hannu. Iyaye da yawa sun ɗauka yaron da bai yi fice a aji ba ya lalace. Mu tuna da Bezalel a Littafin Fitowa sura 31, wanda Allah ya ba hikimar aikin ƙarfe da itace. Ubangijinmu Yesu a gidan masassaƙi ya girma, Manzo Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ci abinci. In kun ga yaro yana son gizago ko maƙera, ku kai shi wurin gwani. Amma kada ku cire shi daga makaranta saboda haka. Masassaƙin da ya iya awo da lissafi ya fi wanda ke aiki da ido kaɗai.

Na biyu, yadda muke karɓar kaye. Manomin da gerorsa bai yi ba, da ɗalibin da ya fāɗi jarrabawa, su yi addu'a, sa'an nan su duba iri, su duba taki, su duba littafi. Neman wanda za a zarga ba ya rage wa jirgi nauyi.

Na uku shi ne mafi nauyi, domin maganar rai ce. Clasper ya san kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mu kuwa sau nawa muke cika jirgin fito da mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki? A watan Mayu 2021 jirgi ya nutse a Kwara kusa da Warra, mutum fiye da 100 suka halaka. A watan Afrilu 2022, nan maƙwabtanmu a Gidan Magana ta ƙasar Shagari, an rasa mutum 29, yawancinsu yara da matasa. Cewa kwana ne ya ƙare ba ya wanke wanda ya yi lodin. Gwada Allah zunubi ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin damina mai zuwa, bari dattawan kowace ekklesiya da ke bakin gulbi su je wurin Sarkin Ruwa da masu fito, tare da maƙwabtanmu Musulmi, a tsai da yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka. A toshe jiragen da ke yoyo, a nemi rigunan ruwa, a daina fito da dare. Iyaye mata, in kun ga jirgi ya cika, ku riƙe hannun 'ya'yanku ku jira sawu na biyu, ko da kasuwa za ta watse.