Ciwon Ɓarin Kai Ba Lalaci Ba Ne

Shafin Lafiya, daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare

A wannan makon mun ɗauko magana a kan ciwon ɓarin kai, wanda likitoci suke kira maigiren. Mun zaɓe shi ne saboda masu fama da shi suna shan wahala biyu, ga ciwo ga rashin yarda. Ɗaliba za ta kifa kai a kan tebur a ce ta kwana kallon fim. Yaro zai ce haske yana damunsa a ce gudun gwaji yake yi. Alhali masana sun ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan 1 ne suke da wannan ciwo a duniya, kuma a cikin yara 'yan makaranta ana samun kusan 1 cikin 10. Ke nan ajin da yake da ɗalibai 60 zai iya samun mutum 5 ko 6.

Yadda ake gane shi

Ciwon ɓarin kai yana bugawa ne kamar ana daka a turmi. Ga manya ya fi kama gefe ɗaya, amma ga yara irinmu sau da yawa yana kama goshi ko gefe biyun duka. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, mai shi ba ya son haske, ba ya son ƙara, kuma sunkuyawa ko hawa bene suna ƙara shi. Ga manya yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, ga yara kuwa zai iya tsayawa a awa 2.

Ciwon ya daɗe a duniya. Tun a ƙarni na 2 wani likita Bagirke mai suna Galen ya sa masa suna mai ma'anar "rabin ƙoƙon kai", daga nan sunan maigiren ya samo asali. Kun ga ashe sunanmu na Hausa ya yi daidai da nasa.

Tushen ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wata babbar jijiya da take kai saƙon ji daga fuska da kai zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ta harzuƙa sai ta saki sinadarai da suke sa hanyoyin jini na rufin ƙwaƙwalwa su buɗe, wurin ya riƙa zogi. Ana gadonsa, shi ya sa idan ka bincika za ka tarar mama ko goggo ko kaka tana da shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba aikin aljanu ba ne. Bayan balaga mata sun ninka maza kusan sau 3 wajen kamuwa da shi, kuma yakan tasar wa wasu dab da lokacin al'ada.

Matakansa huɗu

Na farko shi ne gargaɗi. Awanni ko kwana guda kafin ciwon, mutum zai riƙa yawan hamma, wuyansa ya riƙe, ya ji kwaɗayin zaƙi ko saurin fushi.

Na biyu ba kowa yake samunsa ba. Wasu suna ganin walƙiya ko layuka masu ƙyalli, ko rabin allo ya ɓace musu, ko su ji kamar ana tsikarar hannunsu da allura. Wannan yana ɗaukar minti 5 zuwa 60.

Na uku shi ne ciwon kansa.

Na huɗu shi ne abin da ciwon yake bari bayan ya lafa, kuma a nan muke so a tsaya a karanta da kyau.

Bayan ciwon ya lafa

Ciwon zai iya tafiya da daddare, amma jiki bai koma daidai ba. Washegari mai shi zai tashi da kasala kamar wanda ya yini yana noma. Kai yana nauyi, wuya yana ciwo, wani lokacin da jiri. Idan ya juya kai da sauri sai zogin ya ɗan dawo. Abin da ya fi damun ɗalibi shi ne ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abu. Zai karanta layi ɗaya sau uku bai gane ba, lissafin da ya saba yi cikin minti biyu ya gagare shi, kalmar da yake nema ta ɓace masa a baki. Wannan hali yana iya kai kwana 1 ko 2.

A wannan rana ce aka fi zaluntar mai ciwon, domin ya dawo makaranta da ƙafarsa, ba zazzaɓi, ba rauni, kowa yana ganin ya warke. Idan aka yi gwaji ranar zai iya faɗuwa a darasin da ya iya. Idan ya yi gyangyaɗi sai bulala. Wasu kuma tsoron dawowar ciwon yana hana su sakewa, har su fara ƙin zuwa makaranta.

Abin da ya kamata a yi ranar shi ne a bi jiki a hankali. A sha ruwa sosai, a ci abinci mai sauƙi kamar koko, kunu ko fate, a kwanta da wuri. Kada a kwana ana kwafar duk darussan da aka rasa, a raba su kwana biyu ko uku. A ajiye waya, a bar ƙwallo a rana sai jiki ya dawo.

Abubuwan da suke tayar da shi a garinmu

Na gaba-gaba shi ne yunwa. Da yawa daga cikinmu muna fitowa daga Kawo, Hayin Banki, Badarawa ko Unguwan Dosa da sassafe don mu sami keke, ba mu karya ba, ana tashi kuma mu wuce Islamiyya ko lesin. Sai ƙishirwa da zafin watan Maris da Afrilu, da tsayuwa cikin rana a wajen asambuli. Akwai hayaƙin janareta da na motoci a titin Ahmadu Bello, da turare mai ƙarfi, da hayaniyar aji. Akwai rashin barci saboda waya, da fargabar jarrabawa, da yawan shan kofi ko lemon kola. A watan azumi, mai wannan ciwo kada ya tsallake sahur, kuma ya riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗe-baki har zuwa kwanciya.

Abin da yake tayar wa wani ba lallai ya tayar wa wani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka a ware ƙaramin littafi, duk ranar da ciwon ya zo a rubuta kwanan wata, lokacin da ya fara da lokacin da ya lafa, abin da aka ci, awannin barci da maganin da aka sha. Bayan wata biyu ko uku za a fara gane mai laifin, kuma littafin zai taimaki likita.

Idan ya taso

A faɗa wa malami ko iyaye tun yana farawa, domin magani ya fi aiki da wuri. A kwanta a wuri mai duhu da shiru, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi, a kurɓi ruwa. Barci yana taimaka wa yara sosai. Farasitamol ko ibufrofen suna aiki, amma babba ne zai ba da su daidai da shekaru da nauyin yaro. Ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umarnin likita, saboda yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Ga wani abin mamaki: yawan shan maganin ciwon kai shi ma yana kawo ciwon kai. Wanda yake shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, zai iya wayar gari da ciwon kai na kullum. A guji haɗe-haɗen ƙwayoyi na masu talla a tasha. Taramadol da kodin kuwa kada a kusance su. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya lalata matasa.

Lokacin da ba a jira

A garzaya asibiti idan ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, domin zai iya zama sanƙarau, musamman lokacin rani. Haka nan idan ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko bayan an bugu a kai, ko ya zo da suma, jijjiga, gani biyu ko shanyewar hannu. Ciwon kai da zazzaɓi kuma yana buƙatar gwajin maleriya. Muna da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Babban Asibitin Kawo, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa idan ana zargin ido ne. Likita ne kaɗai zai tabbatar ciwon ɓarin kai ne, kuma akwai magungunan rage yawan zuwansa ga wanda yake damu sosai.

Roƙonmu

Malamanmu, muna roƙo da ladabi. Idan ɗalibi yana da takardar likita, a bar shi ya sha ruwa a aji, ya zauna nesa da hasken taga, ya koma inuwa lokacin asambuli. Idan gwaji ya faɗo ranar ciwon ko washegari, a taimaka a ba shi wata rana. 'Yan aji kuma mu rage surutu, mu ara masa littafi, mu raka shi ofis, mu daina tsokana. Kai kuma mai ciwon, kada ka ɓoye don kunya.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu haɗu a fitowa ta gaba.