Sajewa Ko Karɓuwa: Matsayin Ɗaliban Ƙananan Ƙabilu a Makarantun Sakandare na Arewa

A galibin makarantun kwana na Arewacin Nijeriya, Ingilishi ne harshen aji, amma Hausa ce harshen ɗakin kwana da layin abinci da filin ƙwallo. Yaron da ya taso daga Zuru ko Kaltungo ko Zangon Kataf yana ɗan shekara 12 ko 13 ba ya daɗewa bai gane haka ba. Kafin zangon farko ya ƙare Hausa ta zauna a bakinsa, ya yi abokai, har malamai su ce ya saje. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: shin sajewar nan ita ce karɓuwa?

Masanin halayyar ɗan'adam John Berry na ƙasar Kanada ya ɗora wannan mas'ala a kan tambayoyi biyu: ko mutum ya riƙe harshensa da al'adarsa, da kuma ko yana cuɗanya da masu rinjaye. Wanda ya yi cuɗanya ya yar da nasa, ya narke ke nan. Wanda ya riƙe nasa ya ƙauracewa sauran, ya ware. Akwai wanda ya rasa duka biyu, akwai kuma wanda ya haɗa duka biyu. Nazarin da Berry da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 kan matasa a ƙasashe 13 ya nuna cewa wannan na ƙarshe ya fi samun natsuwa da dacewa da makaranta. Sai dai 'ya'yan baƙin haure suka nazarta, alhali namu yaran a ƙasar kakanninsu suke, wanda hakan ya ƙara wa lamarin nauyi.

Abin da makarantunmu suka fi samarwa shi ne narkewa, kuma ba da wata mugunta ba. A duba sunaye kawai. Mutanen da ke kiran kansu Lelna mu Dakarkari muke ce musu. Atyap sun zama Kataf, Bajju sun zama Kaje, Ham sun zama Jaba, Gbagyi sun zama Gwari. Daga wannan na ƙarshe ne ma Hausa ta samo kalmar "gwaranci", wato maganar da ba ta fita daidai. Matashin da aka yi wa dariya sau biyu ko uku saboda ya ce "ya" a wurin "ta" zai gyara harshensa, amma tare da haka zai koyi wani darasin da ba a nufa ba: ya daina gaisawa da ɗan garinsu da yarensu in akwai mutane, ya riƙa jin nauyi ranar ziyara idan mahaifiyarsa ta buɗe baki. A shekarun balaga, lokacin da ra'ayin sa'o'i ya fi na iyaye ƙarfi, wannan kunya takan yi saiwa.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma barkwanci tsohuwar hanyar zumunci ce. Gaskiya ne, amma wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, yana da sharaɗi: kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma kowa ya san matsayinsa ba ya cikin haɗari. Yaro ɗaya a tsakiyar talatin ba shi da abokin ramuwa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya mamaye yankin a farkon firamare, ta kuma buƙaci ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci. A aikace, a yawancin Arewa duka tanade-tanaden biyu kan Hausa suka riƙa faɗawa, a ƙasar da ke da harsuna fiye da 500.

Tun 1954 Gordon Allport ya bayyana cewa haɗa mutane wuri guda kaɗai ba ya kawar da ƙyama, sai an samu daidaiton matsayi da manufa ɗaya da aikin haɗin gwiwa da goyon bayan hukuma. Na farkon ne ya fi wuya, kuma shi ne ke hannun malami: wa ake naɗawa shugaban ɗalibai, wa ake turawa muhawara, kuma ranar al'adu, wa ake kira ya yi jawabi, wa ake kira rawa kawai.