Amon Bes na Cikin Faifai da Makaɗin da Ke Neman Sa a Dandali

Ƙungiyar makaɗan da ke cin abinci da waƙoƙin wasu, a otal ko wurin biki ko dandalin wasa, ta san cewa jama'a ba sabon abu suka zo ji ba. Waƙar da suka sani suke so, kuma yadda suka san ta. Idan mawaƙi ya manta baiti, 'yan kallo za su tuna masa suna dariya. Amma idan mai jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri da ke riƙe ƙasan kiɗa, ya kasa fitar da amon da ke cikin faifai, da wuya wani ya nuna shi da yatsa. Sai dai a ga masu rawa suna komawa kujerunsu ɗaya bayan ɗaya, suna cewa yau kiɗan ba nauyi.

Matashin makaɗi da ya gane haka yakan garzaya intanet ya binciko irin fedar da gwanin da ya kaɗa a faifan ya yi amfani da ita. Feda a nan ba ta keke ba ce. Ƙaramin akwati ne na ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, a taka shi da ƙafa ya canza sauti. Sai ya tara kuɗi ya saya, ya jona, ya taka, ya ji abin ko kusa bai yi kama ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

A ɗauki James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka, daga My Girl ta 1964 har What's Going On ta Marvin Gaye a 1971. Masu bes na duniya har yau suna farautar amonsa, mai kauri, mai ɗumi, wanda ke mutuwa da wuri kamar an danne shi da tafin hannu. Amma mutumin nan ba da feda ya gina shi ba. Jitarsa Fender Precision ce ƙirar 1962. Tsirkiyoyinsa na kamfanin La Bella ne, irin masu santsin jiki, kuma ba ya canza su sai in ɗaya ta tsinke, har gumi da dattin shekaru suka cinye duk wani ƙyalli da ke cikin muryarsu. A gindin tsirkiyoyin akwai soso da ke hana su dogon amo. Da ɗan manuninsa kaɗai yake kaɗawa. A situdiyo kuma galibi kai tsaye ake jona jitar da na'urar ɗaukar sauti. Wanda ya zo da sababbin tsirkiyoyi masu kaushin jiki, irin waɗanda kamfanin Rotosound ya fitar a 1966 tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who don su yi ƙara kamar fiyano, yana neman feda ta mayar masa da su na Jamerson, ya ɗauko wa kansa aikin baban giwa. Guntun soson wanke-wanke da aka cusa ƙarƙashin tsirkiya, da murɗa maɓallin amo na jikin jitar zuwa ƙasa, sun fi kai shi kusa, kuma kuɗinsu bai kai na farantin shinkafa ba.

Haka abin yake ga mai son kaɗa waƙoƙin Bob Marley, waɗanda ba a rasa mai roƙon su a kowane taro. Aston Barrett, da ake wa laƙabi da Family Man, Fender Jazz yake riƙewa, da tsirkiya mai santsi, an rage mata kaifi, yana taɓa ta a hankali ya bar amfilifaya ta yi ƙarfin. Rabin sirrinsa ma a wuraren da ya yi shiru yake. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Mai gurmi ya san cewa inda ya ɗora yatsa a tsirkiya shi ke yanke hukuncin muryar da za ta fito, kuma mai kalangu ya san fata ɗaya ba ta magana iri ɗaya da damina da lokacin hunturu.

Sannan akwai abin da aka yi wa sautin bayan makaɗi ya tafi gida. Bes ɗin da muke ji a faifai ya bi ta hannun injiniya. Sau da yawa ta hanya biyu ake ɗaukar sa, ɗaya ta waya kai tsaye, ɗaya ta makirufo a gaban lasifika, a gauraya. A matse shi don kada wani bugu ya fi wani ƙarfi, a yanke masa wurin da yake karo da babbar ganga, wani lokacin a ɗora masa bes na fiyano a ƙasa. Saboda haka kafin a taɓa aljihu, sai a zauna a saurara da abin ji na kunne mai kyau, ba da lasifikar waya ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfin haka. Yanzu akwai manhajojin da ke ware bes daga sauran kayan kiɗa. Wanda ya fara jin bes ɗin gwani shi kaɗai yakan sha mamaki, don ya fi yadda ya zata ƙazanta: ga ƙarar yatsa, ga karce, ga ɗan ɓurari. Waɗannan ne ke sa a ji shi a cikin taron kiɗa.

To, ina amfanin feda? Tana da shi, babba ma, a inda amon ainihi da na'ura aka yi shi.

Biyu daga ciki kusan kullum a kunne suke, kuma aikinsu ba ya jan hankali. Ta farko kwamfiresa, mai daidaita ƙarfin bugu, ita ce ke kwaikwayon matsewar situdiyo. Ana so a sa ta daidai yadda ba za a lura da ita ba sai an kashe ta. Ta biyu akwatin da ke kwaikwayon muryar amfilifaya ya kuma aika sauti kai tsaye zuwa miksa (teburin da injiniya ke haɗa sautin kayan kiɗa), irin SansAmp na kamfanin Tech 21. Ga makaɗin da yau yana wannan otal gobe yana wancan zauren biki, yana jona jitarsa da duk amfilifayar da ya tarar, wannan akwati ne ke sa muryarsa ta zama ɗaya ko'ina. Da za a ce mutum ya zaɓi guda ɗaya tak, ni wannan ta biyun zan ce ya saya.

Sauran kuwa na waƙa ɗaya-ɗaya ne. Kiɗan fonk na Bootsy Collins, mai kama da kukan agwagwa, daga Mu-Tron III ya fito, na'urar da aka fitar a 1972 wadda ke buɗe baki gwargwadon ƙarfin bugun yatsa. Ita ba ta son a sa kwamfiresa mai matsewa sosai a gabanta, don in an daidaita bugun ba ta da abin da za ta bi. Buɗewar For Whom the Bell Tolls ta Metallica, a 1984, da yawa suna ɗauka jita ce ta yau da kullum, alhali bes ne na Cliff Burton da aka ɓurara aka bi da shi ta fedar da ake kira wa-wa. Sunan daga kukanta ya samo asali, ba zagi ba ne.

Wadda ta fi shafar makaɗanmu ita ce fedar oktab, mai ƙara wa kowane sauti ɗan'uwansa mai zurfi ninki biyu. Pino Palladino ya shahara da Boss OC-2 a waƙar Paul Young mai suna I'm Gonna Tear Your Playhouse Down ta 1984. Dalilin da ya sa ta shafe mu shi ne yawancin waƙoƙin Hausa na zamani a fiyano da kwamfuta ake haɗa su, bes ɗinsu ba na tsirkiya ba ne tun asali. Mai jitar da aka ce ya kaɗa su a biki, oktab ce gadarsa: ya rage muryar jitar ta ainihi, ya ɗaga ta na'urar, sai sautin ya yi sumul kamar na fiyano. Amma tana da sharuɗɗa. Irin ta da ɗin nan sauti ɗaya take bi a lokaci guda, in tsirkiya biyu suka yi kuka tare sai ta rikice ta dinga rawar murya. Kuma a tsakiyar wuyan jita ake kaɗa ta, domin rabin 41 kusan 20 ne, iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke kamawa, kuma lasifikar biki ba ta da abin yi da shi sai huci. Saboda saurin rikicewarta ake sa ta can farkon layin fedoji, inda sauti ke da tsabta, masu ɓurari su biyo baya.

Masu ɓurarin nan, irin su Big Muff, suna da wata ɗabi'a: suna cin ƙasan bes. A ɗaki za ka ji kamar ka zama zaki, a dandali sai ka taka ka ɓace, ganga ta rage ita kaɗai. Maganin shi ne feda mai maɓallin gauraya, wadda ke barin sautin asali ya wuce ta gefe, a ɗora ɓurarin a kansa kamar yaji a kan tuwo da miya.

Kuskuren da ya fi yawa ma a ɗaki yake farawa. Mutum shi kaɗai, da ƙaramar murya, yakan ƙara zurfi da kaifi ya rage tsakiya, don haka ya fi daɗin ji. Zauren biki mai tayil da rufin kwano yana tara zurfin nan ya mayar da shi gunji, tsakiyar da aka yanke kuwa ita ce ke gaya wa jama'a wane sauti ake kaɗawa. Saboda haka ana gyara feda ne a wurin gwaji, da sauran 'yan ƙungiya, da ƙarfin da za a yi wasa. A kuma daidaita ƙarfin kowace feda, ta yadda takawa ba za ta sa injiniya ya zabura ya rage ka ba, don in ya rage, ba lallai ya tuna ya mayar ba. Wasu sukan manna farar takarda a jikin feda su rubuta inda maɓalli ke tsayawa ga kowace waƙa.

Sai wuta. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, kuma in aka jera su a kan adafta ɗaya mai arha sukan yi ta zuba wa juna ƙara. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, dab da sautin G na ƙasan bes mai 49, don haka gurnaninta a cikin gonar mai bes yake sauka, balle a kan janareto. Akwatin da ke aika sauti zuwa miksa yakan zo da ɗan maɓallin yanke wayar ƙasa ta lantarki, wanda sau da yawa danna shi kaɗai ke kashe gurnanin. In bai mutu ba, a cire adafta a gwada batir, sannan a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a fara da wadda aka fi takawa.