Idan noti ya cinye a jikin inji: Abin da za ka iya gyarawa a gida da wanda ya fi ƙarfinka

Duk wanda ya saba juye baƙin mai ko canza fulogi da kansa ya san yadda abin ke faruwa. Kana cikin ɗaure noti, ka ƙara murɗawa kaɗan don ya kama sosai, sai ka ji sifana ta saki a hannunka. Daga nan notin sai juyawa kawai yake yi, ba ya ɗauruwa.

Wannan shi ne cinyewar zare, wanda kanikawa ke kira tiredi. Matsalar ƙarama ce a ido, amma idan a notin juye baƙin mai ta faru, man zai iya tsiyayewa a kan hanya har inji ya buga. Mai babur ko adaidaita sahu da ke ci da iyali daga abin hawansa ya san abin da hakan ke nufi.

Me ya sa zaren ke cinyewa?

Yawancin injinan motoci da babura da ƙananan janareto na yanzu, kansu da murafensu na alminiyam ne, wasu ma har gangar jikin. Noti kuwa ƙarfe ne. Alminiyam ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, don haka idan aka matsa, zaren da ke cikin ramin ne yake sarewa, notin ya fito lafiya lau. Sau da yawa za ka ga wani siririn zobe fari-fari ya naɗe a jikinsa: zaren injin ne ya biyo shi.

Babban dalili shi ne wuce ƙima wajen ɗauri. Ƙaramin noti mai kaurin milimita 6, irin na murfin inji, ƙarfin ɗaurin da yake buƙata bai wuce kusan 10 ba a ma'aunin Nm. Notin juye baƙin mai na motocin Toyota da Honda da dama kusan 40 ne. Wanda ya zura bututu a bayan sifana ya danna da ƙarfinsa zai ninka haka ba tare da ya sani ba.

Sauran dalilan sun haɗa da sa noti a karkace, da kwance fulogi inji na da zafi, da sa notin da tazarar zarensa ta saɓa da ta ramin. Noti biyu na iya zama kauri ɗaya, misali milimita 10, amma tazarar zaren ɗaya 1.25 ce, ta ɗayan 1.5. A ido kamar ɗaya suke, amma idan aka tilasta, an gama da ramin.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

An saba ganin ana naɗa leda ko zaren buhu a jikin noti, ko a shafa gam a cusa. Wannan zai iya kai ka gida, amma zafin inji da jijjiga ba sa barinsa ya daɗe. Wasu kuma sukan buga noti mafi kauri da ƙarfin tsiya, wanda hakan kan tsaga alminiyam ɗin. Gyaran da zai ci kuɗi kaɗan sai ya koma na walda ko sayen sabon kai.

Fara da duba girman ɓarnar

Ka bari inji ya huce, ka wanke ramin da fetur ko kananzir, ka haska da tocila. Idan zare biyu ko uku na bakin ramin ne kawai suka lanƙwashe, ƙarfen yanka zare, wato taf, mai girma daidai da notin zai iya miƙar da su. Idan kuma ramin ya fi notin zurfi, akwai lafiyayyen zare a ƙasa, noti mai ɗan tsawo zai iya kamawa, muddin ba zai tokare da ƙasan ramin ba.

Idan zaren ya tafi gaba ɗaya, sai a yi masa sabo.

Gyaran da ya fi inganci

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce sa wata naɗaɗɗiyar waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin ramin. An fi saninta da sunan Helicoil. An ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jiragen sama, inda zaren fulogi ke yawan lalacewa a jikin alminiyam. Amfaninta shi ne tana mayar da ramin girmansa na asali, notin da ka cire shi za ka mayar, kuma yanzu ƙarfe zai riƙa goga da ƙarfe.

Ana sayar da ita a kwali ɗaya tare da bakin huda da taf na musamman da abin murɗa ta. Za ka iya tambaya a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka tafi da notin a hannu don a gwada kauri da tazarar zare. Taf ɗin da aka saba amfani da shi ba zai yi ba, dole sai wanda ya zo a kwalin.

Ga yadda aikin yake:

Ka auna zurfin ramin, ka naɗa salatif a jikin bakin hudar daidai wannan awon don kada ka zarce ka ɓula hanyar mai ko ta ruwa.

Ka huda a miƙe sak. Nan ne aikin yake, domin rami karkatacce ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Noti mai milimita 6 bakin huda na kusan 6.3 yake ɗauka, wato ɗan abin da za a share kaɗan ne.

Ka shafa mai a taf ɗin ka murɗa da hannu. Kowane rabin juyi gaba, ka ɗan koma baya don ɓarɓashi ya karye.

Ka fitar da ɓarɓashin tas, ka busar da ramin. Mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasan rufaffen rami zai iya tsaga shi idan noti ya danne shi.

Ka murɗa wayar har ta nutse kwata ko rabin juyi ƙasa da bakin ramin. A jikin alminiyam, an fi so tsawonta ya kai kaurin notin sau ɗaya da rabi.

A ƙarshe ka karya ɗan harshen da ke ƙasan wayar, ka tabbata ya fito.

Fulogi da notin baƙin mai

Waɗannan biyun sun fi buƙatar kula, domin ramukansu a buɗe suke zuwa cikin inji. Abin da ya fi shi ne a cire kan injin ko kaskon man a yi aikin a waje. A babur, cire kai ba wani dogon aiki ba ne. Idan dole sai a jikin injin za a yi, a cika tsagin taf da giris don ya riƙe ɓarɓashi, ana fito da shi ana gogewa. A wajen kasko kuma, a zuba ɗan mai ya wanke ya fito kafin a rufe.

Ga wuraren da ake yawan kwancewa kamar waɗannan, dunƙulallen zobe mai zare ciki da waje, irin na Time-Sert, ya fi waya jurewa. Idan kuma kaskon na ƙarfe ne, wani lokacin sayen na hannu mai kyau ya fi sauƙi.

Inda ya kamata ka tsaya

Manyan notocin da ke ɗaure kan inji da gangar jikinsa ba aikin gida ba ne. Su ke riƙe matsin wutar da ke ci a silinda, ramukansu na da zurfi, kuma ƙaramin karkata ya isa ya sa gasket ya ƙone.

Masu Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy a Najeriya, su lura. An san injinta mai lita 2.4, wato 2AZ-FE, da zamewar zaren notocin kai na ɓangaren baya, har kamfanin ya fitar da takardar yadda za a gyara da zoben ƙarfe. Daga cikin alamominsa akwai yoyon ruwa ta bayan inji da yawan ɗaukar zafi. Canza gasket kaɗai ba ya magance shi, sai an kai wa masu na'urar da ke riƙe bakin huda a miƙe. Haka ma duk notin da ya shafi birki ko sitiyari, a bar wa ƙwararru. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Rigakafi

Kowane noti ka fara sa shi da yatsu, ya yi juyi uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi. Idan ya cije tun farko, ka warware ka sake. Ka canza wosha duk lokacin da ka juye baƙin mai, domin tsohuwar wosha ce ke sa ɗiga, ɗigar kuma ke sa a ƙara matsawa. Idan da hali ka mallaki sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Idan kuma a gareji ake yi maka sabis, ka tsaya ka ga yadda ake ɗaure notin man, musamman idan yaron gareji aka bar wa aikin.