Tsufa da Riƙon Tsofaffi a Ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1. Gabatarwa

Shi Bahaushe ba da shekaru kaɗai yake auna tsufa ba. Yakan dubi furfura, da yawan jikoki, da kuma ranar da mutum ya jingine garma ya bar wa 'ya'yansa. Harshen ma ya rarrabe matakan. Akwai dattijo, wanda ake zuwa wurinsa neman shawara. Akwai tsoho, wanda ƙarfinsa ya ragu amma yana taɓa sana'a. Sannan akwai gajiyayye, watau wanda sai an ɗauke shi an ajiye. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa daga shekara 60 take fara lissafi, kuma masu waɗannan shekaru sun kai kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'ar Nijeriya. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in an haɗa su, sun haura rabin miliyan. Ke nan tun a wancan lokaci ana maganar tsofaffi wajen dubu 25. Manufar wannan lacca ita ce a nuna abin da ke riƙe da waɗannan bayin Allah, da abin da ya girgiza shi, da kuma inda ya kamata gyara ya fuskanta.

2. Gandu, fanshon manomi

Akasarin mutanen wannan yanki manoma ne, masu noman dawa da masara da auduga, kuma manomi ba shi da ofishin da zai biya shi fansho. Fanshonsa shi ne gandu. A tsarin gandu, 'ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar mahaifinsu, shi kuma ya ci da su daga rumbunsa, ya yi musu auren fari, ya ba kowa gayauna ta kansa. A da har haraji shi ke biya musu, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a 1979, sa'ad da Katsina ke cikin Jihar Kaduna. Wata masaniya Baturiya, Polly Hill, ta yi nazarin wannan tsari a Batagarawa, ta buga littafinta a 1972, inda ta nuna cewa zaman gandu yarjejeniya ce wadda kowane ɓangare ke da hakki a cikinta.

Hikimar da ke ciki ita ce, ƙarfin mai gida yana raguwa, amma ikonsa ba ya raguwa tare da shi. Ko da ya daina sunkuyawa a kunya, shi ke cewa ga inda za a shuka, shi ke ba da izinin buɗe rumbu. Saboda haka tuwon da ake kawo masa nasa ne, ba ya jin kunyar cinsa.

Ita ma tsohuwa tana da nata gurbi. Ita ce ungozoma, wurinta ake kai yaro yaye, ita ke riƙon jikoki tana yi musu tatsuniya. Tana kiwon 'yan awaki, tana daddawa ko ƙuli-ƙuli, a da kuma tana kaɗi. Idan mijinta ya rasu takan koma ɗakin da ɗanta ya gina mata. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, ɗan riƙonta ke tsaya mata. Addini kuma ya ƙarfafa wannan al'ada: ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi umurni da kyautata wa iyaye in tsufa ya riske su, kuma a mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace.

3. Lafiyar tsufa

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke jagorancin shirin da aka keɓe wa tsufa cikin lafiya daga 2021 zuwa 2030, tana auna lafiyar tsoho ne da iyawarsa, watau ko yana iya yin abubuwan da yake daraja su. Idan aka kawo wannan ma'auni Sabuwa ko Yankara, tambayoyin a fili suke. Yana iya zuwa masallaci da ƙafarsa? Yana gane fuskar jikansa? Yana tauna abinci? Ana sa shi cikin shawara?

Da yawa daga cikin abubuwan da ke kwantar da tsoho suna da magani, sai dai akan ce “ai tsufa ne” a ƙyale su. Alal misali, yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a asibiti, mutum ya koma yana gani. Hawan jini ba ya ba da sanarwa sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, alhali awonsa ba ya cin minti biyar. Ciwon suga da ciwon gaɓoɓi su ma ana iya lallaɓa su shekara da shekaru. Mafi ban tausayi shi ne gigin tsufa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata, in ta fara sambatu ko fita da dare, wani lokaci har maita akan laƙaba mata. Likitocin da suka ƙware a kan cututtukan tsufa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Cibiya ta farko ta wannan fanni sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan.

4. Abin da ya girgiza gidan

Tun kafin rashin tsaro, gandu ya fara sassautawa. Gonaki sun ragu saboda rabon gado, samari kuma sun mai da cin rani zaman dindindin a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko. Duk da haka kuɗin da suke aikowa sun toshe wata kafa.

Abin da ya yi wa tsarin mummunan lahani shi ne ta'asar 'yan bindiga, domin waɗannan ƙananan hukumomi suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. A watan Yuni na 2020 aka kai hari Kadisau ta ƙasar Faskari, aka kashe mutane masu yawa. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duniya ta ji labarin yaran, amma ba a cika ba da labarin tsofaffi ba. In an ce a gudu, tsoho ne ke baya. Wani yakan ƙi tashi sam, ya ce ba zai bar gidan ubansa ba. Wanda aka kai Funtuwa ko Malumfashi kuwa, ya rabu da gona da rumbu, ya koma ɗan raɓe a gidan dangi. In kuma an sayar da gonar don biyan kuɗin fansa, to, fanshon nasa ne aka sayar. Haka nan dattijon Bafulatani da aka kore masa garke, ya rasa dukiya, ya kuma rasa bakin tsawata wa matasa.

Har matakan tsaro ma sun taɓa su. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. Tsohuwar da akuyarta ce bankinta ta rasa inda za ta sayar, ɗanta da ke birni kuma ya rasa hanyar jin lafiyarta.

5. Ina tsoho zai zauna?

A Ingila da Amurka akwai gidajen da ake biya a ajiye tsofaffi. A ƙasar Hausa abin da ya yi kama da wannan shi ne gidan gajiyayyu, irin na Shahuci a birnin Kano, kuma sunan kansa ya nuna na wanda ba shi da kowa ne. Ɗan da ya kai mahaifinsa can ya jawo wa kansa abin faɗa har jikoki. Zaɓin da ya rage ga ma'aikaci biyu ne: ya ɗauko tsohonsa zuwa birni, ko ya bar shi a gida yana aike. Na farko yana da asibiti kusa, amma yana da kaɗaici, don babu majalisa, babu sa'o'i. Na biyu yana da mutunci, amma nauyin jinya yakan faɗa kan mace guda, suruka ko 'ya, wadda ba a koya mata aikin ba, ba a kuma hutar da ita.

A wajen hukuma, dokoki sun samu. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Jihar Ekiti ta taɓa gwada biyan Naira 5,000 a wata ga masu shekara 65 zuwa sama tun daga 2011. Amma dokar fansho ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2014, mai albashi suka fi sani.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, gyara ya kamata ya bi ta ƙofar gida, domin gida ne ke ɗauke da tsoho. Dagatai da masu unguwanni sun san kowane tsoho da ke ƙasarsu, don haka rajistarsu ba za ta gagara ba. Ma'aikatan lafiya na karkara suna iya awon jini da duba ido ranar kasuwa. Ana iya koya wa masu jinya yadda ake juya majinyaci don kada ya yi gyambon kwanciya. Zakka da wakafi su fara da wanda ba shi da ɗa. In kuma ana rabon kayan agaji ga 'yan gudun hijira, a tuna da wanda ba zai iya tsayuwa a layi ba. Gaba da kome, sai gona ta nomu lafiya rumbu zai cika, sai rumbu ya cika tsoho zai ci nasa. Ɗalibin yau da ma'aikacin yau su ne tsofaffin gobe, kuma Hausawa sun ce abin da mutum ya shuka shi zai girba.