Wayar da Ke Ratsa Daji: Me Layin HVDC Zai Tsinana Mana?

A watan Oktoban 2024 Arewa ta yi kwana wajen goma cikin duhu. Mu a Birnin Gwari rashin wuta ba baƙonmu ba ne, amma wannan karon har Kaduna da Kano da Katsina sun ɗanɗana. Ɓarna aka yi wa layin da ke kawo wuta daga madatsar Shiroro zuwa tashar Mando a Kaduna, kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta kuma ya ce rashin tsaro ya hana ma'aikatansa shiga su gyara, domin layin ya bi ta dajin da ke haɗe da namu. Nauyin ya koma kan layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurdi. Ranar 21 ga watan shi ma ya katse. Daga nan masu walda da masu niƙa suka koma ga janareta, ƙanƙara ta zama sai mai hali.

Tun lokacin nake jin wasu masu ilimin boko suna cewa maganin abin shi ne HVDC, irin layin da Sin ke shimfiɗawa. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ina ganin maganar tasu rabi gaskiya ce.

Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai wadda masu gyara ke kira DC, mai bin hanya ɗaya ɗoɗar, irin ta batir da farantin sola. Akwai AC, mai kai da komo, wadda a Najeriya take juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ita ce a gidajenmu, ita ce kuma a manyan layukan ƙasar nan masu ƙarfin kilobolt 330 da 132. Ta yi rinjaye tun ƙarshen ƙarni na 19 saboda taransifoma na iya ɗaga ƙarfinta ko ta sauke shi cikin sauƙi.

Sai dai tana da sharaɗi mai tsauri. Duk injinan da ke kan layi ɗaya, na Kainji da Jebba da Shiroro da na iskar gas da ke Kudu, dole su juya tare. Wanda ya taɓa kallon mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi: kowace taɓarya da lokacin saukarta, in ɗaya ta yi jinkiri kaɗan sai su gwabzu, kowa ta janye hannu. Idan babban layi ya katse ko wata tasha ta tsaya kwatsam, injinan da suka rage sai nauyi ya danne su, juyin ya sauko ƙasa da 50, na'urorin kariya su cire su ɗaya bayan ɗaya kada su ƙone. Cikin 'yan daƙiƙu ƙasa ta yi duhu. Wannan ne ake kira durƙushewar babban layi, kuma a 2024 kaɗai ya faru fiye da sau goma. Gwargwadon tsawon layin AC, gwargwadon wahalar riƙe injinan da ke bakinsa biyu a kan juyi ɗaya.

HVDC wutar DC ce mai ƙarfin gaske. A bakin layi akwai tasha da ke mayar da AC ta zama DC, a ɗaya bakin wata ta mayar da ita AC. Tunda abin da ke bin wayar ba ya kai da komo, ɓangarorin biyu ba sai sun juya tare ba, kuma masu kula da layin suna iya ƙara wutar ko su rage ta kafin ƙiftawar ido. Rikicin wani yanki ba ya tsallakawa zuwa wani. An ga haka a watan Agustan 2003, lokacin da mutum wajen miliyan 50 suka rasa wuta a Amurka da Kanada, amma lardin Kwibek ya tsira, domin ta layukan DC yake haɗe da maƙwabtansa. Asarar hanya ma kaɗan ce, kusan kashi 3 cikin 100 a kilomita 1,000. Suwidin ce ta fara amfani da shi a kasuwance a 1954, zuwa tsibirin Gotland. Yau Sin tana da layi mai tsawon kilomita wajen 3,300 da ke ɗaukar megawat 12,000, ya ninka abin da Najeriya ke rabawa a rana mai kyau fiye da sau biyu. A nan Afirka, Habasha ta fara tura wa Kenya wuta ta irin wannan layi a 2022.

To, ga inda nake rabuwa da abokaina. Tashoshin juyawar nan suna da ɗan karen tsada, ba sa biyan kuɗinsu sai tafiya ta kai kilomita 600 zuwa 800. Daga Shiroro zuwa Kaduna kuwa wajen kilomita 100 ne. In ana maganar jawo wuta daga madatsar Mambila, ran da aka gina ta, ko raba layin ƙasa gida biyu don kada faɗuwar Kudu ta ja Arewa, nan zan saurara. Ko a nan ma da sauran magana, domin layi ɗaya mai megawat 2,000 a ƙasar da ke raba 4,000 zuwa 5,000, ran da ya katse shi da kansa zai kayar da kowa.

Sannan ba a jona masa taransifoma a hanya. Layin Inga zuwa Kolwezi a Kongo, mai tsawon kilomita 1,700, ya fara aiki a 1982 don ma'adinan Katanga, ƙauyukan da ya ratsa kuwa suka ci gaba da kunna fitilar kananzir. Da irinsa zai bi ta dajin Kamuku, mai cajin waya a bakin tasharmu ba abin da zai samu sai kallon waya a sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Mozambik. An gama layin Cahora Bassa a ƙarshen shekarun 1970, kilomita 1,400 da ɗoriya, daga madatsar kogin Zambezi zuwa kusa da Johannesbag, abin alfahari a zamaninsa. Da yaƙin basasa ya yi zafi, 'yan tawayen Renamo suka riƙa kayar da turakun ƙarfensa a daji, ɗaruruwa, ba mai iya shiga ya tayar. Madatsar tana nan lafiya, injinanta lafiya, amma layin ya kwanta shekara fiye da goma, bai koma aiki sosai ba sai 1998, bayan yarjejeniyar sulhu ta 1992.

Mu ma a ƙarshen Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga, motoci suka dawo hanyar Kaduna. Da za a tambaye ni inda za a fara zuba kuɗi, zan ce a gina ƙarin layin kilobolt 330 zuwa Arewa ta wata hanya dabam, a share hanyoyin da motar masu gyara za ta kai gindin kowane turke, a ɗauki mutanen ƙauyukan da layin ya ratsa aikin gadi da albashi, a kuma sauke musu wutar da suke gadi.