Baƙin tsuntsayen da ke sauka Daura da kaka

Da zarar damina ta ja da baya aka shiga yankan gero a Sandamu da Baure, shamuwa sai ta tattara ta yi kudu. Kowa ya san da tafiyarta. Amma ba kowa ke lura ba cewa daga Satumba zuwa Nuwamba wasu ƙananan tsuntsaye ne ke saukowa daga Turai. Masana sun ƙiyasta kimanin biliyan 2 ke ƙetaro Sahara duk shekara, galibi cikin dare, da yawansu ko giram 20 ba su kai ba.

Mu kuwa duk tsuntsu ƙarami mai ruwan ƙasa, gwara muke ce masa, ko mu ɗora masa laifin jan baki. Yara su ɗauko danƙo.

In kana so ka bambanta su, fara duba baki. Jan baki da gwara da baiwar Allah, mai tsince-tsince a tsakar gida, bakinsu gajere ne mai kauri, na fasa ƙwaya. Baƙin nan bakinsu siriri ne kamar tsinke, ƙwari suke ci, ba ruwansu da zangarniya.

Sai wutsiya, ita ce ke tona asirin kowannensu. A bakin madatsar Daberam ko ta Sabke, inda Fulani ke shayarwa, za ka ga wata siririya mai rawayar ciki tana tafe a ƙasa, ba tsalle take ba, tana kaɗa doguwar wutsiya sama da ƙasa, tana kutsawa tsakanin ƙafafun shanu tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Wani kuma a ƙarƙashin bagaruwa yake, wutsiyarsa ja, tana karkarwa duk sanda ya sauka. Na uku fili yake so, gonar da aka girbe. Yakan miƙe a kan kunya ko dutse, in ya tashi sai farin gindin wutsiya ya bayyana. Irinsa har daga Kanada ake samun masu zuwa Afirka ta Yamma.

Kada a dogara da launi. Da kaka yawancinsu sun koɗe, ga 'yan bana da ba su yi kalar manya ba. Kuma ba su cika rera waƙa a nan ba, sai ɗan gajeren kira.

Wanda ke son ganinsu ya tsaya gindin gawo da hantsi. Gawo na fitar da ganye da fure lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa, ƙwari su taru, baƙin su biyo. Shi ya sa sare gawon gona ba ƙaramar asara ba ce. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila sun tarar ɗaya daga cikin baƙin nan, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi diddigi, fari ne ya cinye su a nan yankin Sahel.